AWA 54, AMMA BA WANDA YA TAMBAYI MAI WAYAR

Jama'a, ina da magana kan taron nan da ake kira Startup Weekend, da ire-irensa da matasanmu ke tururuwar zuwa. A 2007 aka faro shi a garin Boulder na Amurka. Ana haɗuwa ranar Juma'a da yamma, mai dabara ya tallata ta cikin minti ɗaya, a rarrabu rukuni-rukuni, a yi awa 54 ana aiki, ranar Lahadi a nuna wa alƙalai shafin intanet ko manhajar da aka gina. Taron abin yabo ne. Matsalata ita ce, wa ake tsara wa shafin?

Amsa: alƙalai. Sai a cika shi da manyan hotuna da bidiyo mai kunna kansa, a haska a majigi, a tafa. Alhali an ce don manomi ko mai sana'ar gida aka yi shi. To wannan baiwar Allah, ƙaramar waya ce a hannunta, datar naira ɗari biyu ta saka, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ga shi tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Kafin hoton farko ya gama buɗewa, data ta ƙare. Rijiya ta bayar, guga ya hana ke nan.

Ga kuma batun harshe. Komai da Turanci, in an sa Hausar ma sai ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwati-akwati, don ba a duba ko salon rubutun yana ɗauke da su ba.

Za a ce lokaci ne ya yi kaɗan. Haba! Tun shekarar 2000 Jakob Nielsen, masanin sauƙaƙa amfani da shafuka, ya nuna cewa gwaji da mutum biyar kacal kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin shafi. Mutum biyar fa! Mai gadin zauren, mai shayin bakin titi, ɗan sahu da ya kawo ku, duk ga su nan. A miƙa musu waya, a ja baki a yi shiru, a ga inda za su maƙale. Awa ɗaya cikin 54 ta isa.

Mu da ke aikin gwamnati mun san inda wannan sakacin ke kaiwa. Dattijo ɗan fansho zai zo tantancewa, shafi ya gagare shi, dole ya biya yaron kafe, ya miƙa masa lambar BVN da NIN. Daga nan wasu ke faɗawa hannun 'yan damfara. Yaran da ke waɗannan taruka yau, su ne gobe za a ba kwangilar irin waɗannan shafukan.

Don haka masu shiryawa, don Allah ku sa sharaɗi: kada a ba kowa maki sai an buɗe aikinsa a waya mai araha, da data, a hannun wanda bai taɓa ganinsa ba. Ku ma matasa, ku tambayi kanku me ya sa mutanenmu suka rungumi tura kuɗi ta USSD da saƙon murya na WhatsApp ba tare da wani ya koya musu a aji ba.

Allah ya yi wa matasanmu jagora.