Japan ta adana jirgin yaƙinta Mikasa, mu ina kayan Giginya da Ƙwanni?

A garin Yokosuka da ke bakin teku, kudu da birnin Tokyo, akwai wani katafaren jirgin ruwan yaƙi da ya daina tafiya fiye da shekara 100 da suka wuce. An kafe shi cikin kankare a bakin ruwa, mutane na yankar tikiti suna shiga kallo, ɗalibai na hawa suna leƙa ɗakin kwamanda. Sunansa Mikasa. Shi kaɗai ne ya rage a duniya cikin manyan jiragen yaƙi na ajinsa.

Mai karatu a Illela ko Gidan Katta, inda ruwan da aka sani bai wuce tafki da rijiya ba, zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Akwai ruwansa. Shekarun da aka ƙera jirgin nan, ya yi yaƙi, ya nutse aka tsamo shi, su ne dai shekarun da aka ƙone Ƙwanni, aka ci Sakkwato, aka shafe Satiru. Su suna da abin da za su nuna wa jikokinsu na wancan zamani. Mu abin da ke hannunmu ya fi yawa a bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa kullum raguwa suke yi.

Ba Japan ce ta ƙera Mikasa ba. Kamfanin Vickers ne ya ƙera shi a garin Barrow na Ingila. An fara aikin a watan Janairun 1899, aka saka shi ruwa a Nuwamban 1900, aka miƙa shi a Maris ɗin 1902. Tsawonsa ya kai mita 131, wato ya ɗara filin ƙwallo, nauyinsa ya haura tan 15,000, yana ɗauke da manyan igwa huɗu masu bakin inci 12 da mayaƙa fiye da 800. Kaso mai yawa na kuɗin da Japan ta sayi jiragenta na wancan lokaci ya fito ne daga diyyar da ta karɓa hannun ƙasar Sin bayan yaƙin 1894 zuwa 1895.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Japan da Rasha a 1904, a cikin Mikasa babban kwamandan sojan ruwan Japan, Admiral Togo Heihachiro, ya zauna (sunan mutum ne, ba shi da alaƙa da ƙasar Togo maƙwabciyar Benin). Rasha ta turo rundunar jiragenta tun daga tekun Baltik. Manyan jiragen sun zagayo Afirka kaf, sun tsaya ɗaukar gawayi a Dakar da gaɓar Gabon da Madagaska, tafiyar kusan wata bakwai. Ranar 27 da 28 ga Mayun 1905 suka gamu da Togo a mashigin Tsushima, tsakanin Japan da Koriya. Cikin kwana biyu aka nutsar da jiragen Rasha 21, sojojinta fiye da 4,000 suka mutu, aka kama kusan 6,000. Japan ta rasa ƙananan jirage uku da mutum 117.

Labarin ya girgiza duniya, domin ba a saba ganin ƙasar Asiya ta yi wa babbar daular Turai irin wannan kaye ba. Daga Indiya zuwa Turkiyya an yi murna. A Masar, tun yaƙin na gudana, ɗan kishin ƙasa Mustafa Kamil ya rubuta littafi sukutum kan tasowar Japan.

Abin da ya biyo bayan nasarar ya fi jan hankalinmu. Mako guda bayan sa hannu kan yarjejeniyar sulhu, a Satumban 1905, wuta ta tashi a ma'ajiyar albarushin jirgin yana tsaye a tashar Sasebo. Ya fashe, ya nutse, mutum fiye da 250 suka halaka, adadin da ya ninka waɗanda Japan ta rasa a Tsushima. Aka tsamo shi a 1906, aka gyara. Bayan yarjejeniyar Washington ta 1922 wadda ta taƙaita yawan jiragen yaƙi, ya shiga jerin waɗanda za a yanka a sayar a matsayin tsohon ƙarfe. Jama'a suka ƙi, gwamnati ta nemi sauran ƙasashe su ɗaga ƙafa, suka yarda bisa sharaɗin ba zai sake motsi ba. Dalilin kankaren ke nan. Aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi ranar 12 ga Nuwamban 1926.

Da Japan ta sha kashi a 1945, sai wulaƙanci ya zo. Aka cire igwoyinsa da turakunsa, aka gina gidan rawa da wurin kallon kifaye a kansa. Jirgin da ya kori Rasha ya koma wurin cashewa. A 1955 wani ɗan kasuwa mai suna John Rubin, wanda ya taɓa zama a Barrow, ya ga halin da jirgin ke ciki, ya rubuta wasiƙa ga wata jaridar Turanci ta Tokyo. Daga nan aka fara gangamin tara kuɗi. Cikin waɗanda suka goyi baya har da Admiral Chester Nimitz na Amurka, mutumin da ya jagoranci yaƙar sojan ruwan Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. An sake buɗe jirgin ranar 27 ga Mayun 1961. Ita kuwa Ingila da ta ƙera shi, ko ɗaya ba ta bari ba cikin manyan jiragen yaƙinta na ƙarni na 20, duk ta yanka su. Baturen Ingila da ke son ganin irin aikin kakanninsa sai ya je Japan.

Ba muna yabon duk abin da jirgin ya jawo ba ne. Nasarar Tsushima ce ta buɗe wa Japan ƙofar mallake Koriya, wadda ta haɗiye gaba ɗaya a 1910, kuma mutanen Koriya ba su manta azabar mulkin ba har gobe. Gidan tarihin da gwamnati ta gina yakan faɗi ɓangaren da ya yi mata daɗi. Duk da haka jirgin na nan, ana iya tsayawa a kansa a yi gardama. Inda babu komai, gardamar ma ba ta tasowa.

Yanzu mu dawo gida, mu duba shekarun ɗaya bayan ɗaya.

A watan da aka fara haɗa ƙarfen Mikasa, Janairun 1899, wata rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine tana barin gaɓar kogin Kwara ta nufo gabas, da nufin kaiwa tafkin Chadi. Duk garin da suka ratsa sai wuta da gawa. A Afrilu suka kara da Sarauniya Mangu a Lugu. A Mayu suka iso Birnin Ƙwanni, garin da ke tsallaken iyaka daga Illela, suka fasa shi, suka yi kisan da masana ke lissafa shi cikin mafiya muni a tarihin mamayar Faransa a Afirka. Abin lura, a lokacin Ƙwanni ba ma cikin rabon Faransa take ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana wa Ingila da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, Ƙwanni kuwa tana ciki. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 aka matso da layin kudu, aka dasa iyakar da a yau take raba ɗan Illela da kawunsa na Ƙwanni. Voulet da Chanoine sojojinsu ne suka harbe su a Yulin 1899, kuma kaburburansu na nan a Maijirgi, kusa da Tasawa, kowa ya san wurin. A 2020 aka fitar da fim ɗin African Apocalypse wanda ya bi sawun rundunar, ya naɗi bayanan jikokin waɗanda abin ya shafa. Daga Ingila masu fim ɗin suka zo.

Shekara guda bayan Japan ta karɓi jirginta, ranar 15 ga Maris 1903, dakarun Kanar Morland suka fuskanci rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Takobi da mashi da baka gaban bindigar Maxim da igwa, yaƙin bai ɗauki dogon lokaci ba. Sarkin Musulmi ya yi hijira gabas, talakawa da malamai suka bi shi da yawa, har aka cim masa a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, ranar 27 ga Yulin 1903. Nan ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane. Waɗanda suka tsira suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau a bakin kogin Nilu.

A shekarar da ake tsamo Mikasa daga ruwa kuma, 1906, mutanen Satiru da ke kudu da Sakkwato suka kashe Turawa uku da sojoji a watan Fabrairu, har suka ƙwace bindigar Maxim. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu. An ƙiyasta waɗanda aka kashe da kusan 2,000, aka rushe garin, aka hana sake zama a wurin.

Ba za a ce ba a adana komai ba, wannan zalunci ne ga waɗanda suka yi ƙoƙari. Hubbaren Shehu na nan ana ziyarta. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato na riƙe da rubuce-rubuce da wasiƙu da kayan da. Tutar Sarkin Musulmi Attahiru da Turawa suka ɗauke an dawo da ita a 1960, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Sunan Giginya ma yana kan filin wasa da barikin soja da otal. Sai dai a tare ɗan sakandare a ƙofar filin wasan a tambaye shi me ya faru a Giginya, a ji amsar da zai bayar. Ba laifinsa ba ne. Daga zangon karatu na 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka shafe shekaru fiye da goma kafin a fara dawo da shi. Sunan ya tsira, labarin ne ya zube a hanya.

Najeriya ma tana da nata jirgin yaƙin da aka mayar kayan kallo. A Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, jihar Abiya, akwai NNS Bonny na zamanin yaƙin basasa, tare da motoci masu sulke da bama-baman Ogbunigwe da Biyafara ta ƙera. Yaƙin da ya fi kowanne ciwo a ƙasar nan an sama masa gida. Yaƙin da ya kawo ƙarshen mulkin Daular Usmaniyya, ya haifi iyakar Illela, shi ma ya cancanci nasa.

Mun san abin da za a ce. Na farko, ana fama da 'yan bindiga a gabashin Sakkwato da Lakurawa a Tangaza da Gudu, ga tsadar abinci, ga kasuwancin iyaka da ya sha wuya tun rufewar 2023, wa ke ta gidan tarihi? Gaskiya ne, kuma ba mu ce a ɗebi kuɗin asibiti ba. Amma a duba bambancin tsada. Jihar Texas ta Amurka ta ware dala miliyan 35 don gyaran tsohon jirginta USS Texas, wanda ya fara aiki a 1914, aka ja shi zuwa Galveston a 2022 domin tsatsa ta cinye gindinsa. Ƙarfe a cikin ruwa kullum cin kuɗi yake. Namu kayan sulke ne da kwalkwali da lifidi da kwari da takardu. Abokan gabansu gara ce da ɗigon rufi da dillalin da ke zagaya ƙauye yana sayen takobin kaka da kuɗin buhun gero. Ɗaki biyu masu rufin kirki da akwatunan gilashi da ma'aikaci mai albashi sun isa a fara.

Na biyu, akwai masu tsoron kada abin ya zama girmama kabari ko kafa gumaka. Tsoron yana da tushe, kuma ba a buƙatar mutum-mutumin kowa. Allo ne a bakin fili mai ɗauke da kwanan wata da bayanin abin da ya faru, da Hausa da ajami da Faransanci. Malaman jihadi da kansu marubuta tarihi ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri ne don kada labarin yaƙe-yaƙensu ya ɓace.

Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa a fili ba: labarin ba duka ne mai daɗi ba. A Satiru, ba Turawa kaɗai ne suka yi aikin ba, da goyon bayan masu sarauta na lokacin. Sojojin Morland da na Voulet mafi yawansu baƙar fata ne, cikin na Ingila har da Hausawa da dama. Wannan na cikin abin da ya sa ake kau da kai. Mu a ganinmu shi ne ma babban dalilin da ya sa ya kamata a rubuta shi a bango, yaro ya karanta ya yi tambaya.

Abin da muke kira a yi ba ya buƙatar jiran Abuja. Gwamnatin Sakkwato da Majalisar Sarkin Musulmi da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tsayar da 15 ga Maris ta zama ranar da ake kai ɗalibai Giginya. Ƙaramar hukumar Illela ta ba da ɗaki a garin, ta haɗa kai da masarautar Ƙwanni, domin labarin 1899 na ɓangarorin biyu ne ko da gwamnatocin ƙasashen na hararar juna. Iyalan da ke da kayan kakanni a ba su damar ba da aro da takardar shaida, sunan gidansu a jikin akwati, ba a ƙwace ba.

Aikin da ya fi gaggawa kuwa na naɗar murya ne. Wanda ya ga ƙonewar Ƙwanni da idonsa ya daɗe da rasuwa, amma akwai 'yan shekara 80 da 90 a Illela da Gidan Katta da Ƙwanni da suka ji labarin daga bakin kakanninsu. Wayar da kake karanta wannan da ita tana naɗar awa guda ba tare da ta cika ba. A tambayi tsohon sunansa da garinsu da wanda ya ba shi labarin, a rubuta kwanan wata, a kai kwafi Hukumar Waziri Junaidu.