SHARHI: Mai Son Haɗa Kwamfutar Wasa A Minna Ya Fara Da Lissafin Wuta

A kwanakin baya wani ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ya same ni a gida riƙe da takarda. Ya daɗe yana tara kuɗi daga gyaran wayoyin da yake yi a unguwar Bosso, burinsa kuwa shi ne ya sayi kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya ya haɗa da kansa, ya riƙa zanen karatunsa da rana, da yamma kuma abokai su biya kuɗi su buga wasan ƙwallo a kanta. Da na duba takardar sai na tarar ya ware fiye da rabin kuɗinsa ga katin sarrafa hoto, ya bar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ga akwatin rarraba wuta, bai kuma rubuta ko kwabo ba domin kare na'urar daga hawa da saukar lantarki. Da na yi magana sai ya ce, "Kawu, ai haka masana suke shawarta a intanet." Na ce masa masanan nan a ƙasashen da ba a ɗauke wuta suke zaune, shi kuwa a Bosso zai kunna tasa.

Wataƙila wani ya ce me ya kawo zancen wasa cikin shafin kasuwanci da tattalin arziki. Amsa ita ce, babu ko ɗaya daga cikin manyan kayan nan da ake ƙerawa a Nijeriya. Daga ƙasashen waje ake shigo da su, da dala ake biya, su sauka a Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko Banex da ke Abuja, kafin su iso shagunan rukunin Obasanjo da ke tsakiyar Minna. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a kan kimanin N460 a farashin hukuma ta haura N1,500 a watan Fabrairun 2024. Bugu da ƙari, a ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya, saboda manyan kamfanonin fasahar ƙirƙirarriyar basira sun yi wa masana'antun da ke ƙera shi rubdugu. Ashe ke nan kwamfutar wasa jari ce mai nauyi, kuskure ɗaya a cikinta yana iya cinye ribar watanni, ko ga uban da ke saya wa ɗansa, ko ga matashin da ke shirin buɗe shagon wasa a Tunga ko Kpakungu.

Ra'ayina a nan shi ne, duk wanda zai haɗa irin wannan na'ura a Minna da kuɗi ƙayyadadde, ya kamata ya fara lissafinsa daga wutar lantarki, katin hoto ya zo daga baya. Sanin kowa ne cewa Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsar Kainji da aka kammala a 1968, da ta Shiroro mai ƙarfin megawat 600 wadda ta fara aiki a 1990, da kuma ta Zungeru mai megawat 700. Amma mazaunin Minna ba ya buƙatar a gaya masa cewa kusanci da madatsa bai hana a ɗauke wuta ba, bai kuma hana ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima ba. Wanda zai koma ga janareta kuwa, ya san yadda farashin fetur ya kasance tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023.

Bari mu yi lissafi mai sauƙi. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa N225 kowane yunit, ko da yake an ɗan rage daga baya. Mu ɗauka kwamfuta da allonta suna jan wat 350, ana kuma kunna su awa shida a rana. Wannan ya kama yunit 63 a wata, wato N14,175 a kan wancan farashi. Wadda ke jan wat 150 kuwa yunit 27 za ta ci, wato N6,075. Bambancin ya kai N8,100 a wata, kusan N97,000 a shekara, kuma idan da janareta ko batiran sola ake aiki tazarar za ta fi haka nesa ba kusa ba. Ɗan kasuwa na gari yana haɗa kuɗin saye da kuɗin ɗawainiya kafin ya ce abu yana da araha.

Saboda haka abu na farko a takardar saye shi ne akwatin rarraba wuta, wanda masu gyara ke kira pawa-fak. Shi ne ke karɓar wutar bango ya raba wa kowane ɓangare daidai buƙatarsa, idan kuwa ya ƙone yakan tafi da wasu kayan. A nemi sabo, na kamfanin da aka sani, mai ɗauke da shaidar inganci ta 80 Plus, mai ƙarfin wat 550 zuwa 650, domin wannan ya wadaci matsakaiciyar na'ura. A nan ne maganar Hausawa ta araha ba ta ado take tabbata. Tare da shi a sayi sitabilaiza da UPS, a kuma lura cewa lambar da ke jikin UPS ba ita ce adadin wat ɗin da zai ɗauka ba. Mai lamba 650VA galibi ba ya ɗaukar wat 400, kuma allon kallo ma a kansa yake.

Na biyu, furosesa da madabod, wato ƙwaƙwalwar na'urar da babban farantin da ake dasa sauran kayan a kansa. Waɗannan tare ake zaɓensu, domin kowace furosesa tana da irin gurbin da take shiga. Ga mai ƙaramin ƙarfi, gurbin AM4 na kamfanin AMD, wanda ya fito tun 2016, yana da kayan da suka yawaita a kasuwa. Furosesa Ryzen 5 5600G ta 2021 tana da nata sashen sarrafa hoto a ciki, an kuma tsara ta a kan wat 65. Ma'anar wannan ita ce mutum zai iya kunna kwamfutarsa ya buga wasanni marasa nauyi ba tare da katin hoto ba, har ya sami halin saye. Amma furosesar Intel da sunanta ya ƙare da harafin F, kamar Core i5-12400F, ba ta nuna komai a allo sai an sa mata kati. Mutane da dama sai sun kai kaya gida suke gane haka.

Na uku, RAM da ma'ajiyar bayanai. Gigabait 16 ya isa a fara da shi, kuma gara a saye shi gida biyu, takwas-takwas, domin na'ura ta fi sauri idan tana ɗiba daga hanyoyi biyu a lokaci guda, musamman wadda ba ta da katin hoto. A tabbatar da irin wanda madabod ke karɓa, saboda DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna. Ma'ajiya kuwa a sayi SSD, ko da mai gigabait 500 ce, a ƙara wata daga baya, tun da akwai wasannin da guda ɗaya ke cin fiye da gigabait 100.

Sai yanzu ne za a zo kan katin hoto, kuma tambayar ita ce wane wasa za a buga. Yawancin samarinmu ƙwallon ƙafa suke nema, wato eFootball da kuma EA Sports FC, wanda aka sani da FIFA kafin 2023. Irin waɗannan ba sa buƙatar kati mafi tsada. GTX 1650 yana jan kimanin wat 75, RX 6600 wat 132, RTX 3060 wat 170, shi kuwa RTX 3080 wat 320. Wanda allonsa na 1080 ne, ya sayi babban kati, ya biya kuɗin ƙarfin da idonsa ba zai gani ba, kuma zai ci gaba da biya duk wata a kuɗin wuta.

Dole a yi magana kan kayan hannu, domin a nan masu ƙaramin jari suka fi faɗawa. A watan Satumban 2022 aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katunan hoto, sai katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Ba duka ne suka lalace ba, amma kada a biya sai an kunna kati a gaban mai saye, an bar shi yana aiki mai nauyi na aƙalla rabin awa, an ga zafinsa, an ji ƙarar fankarsa. Haka nan tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigo da su: da yawansu akwatin wutarsu ƙarami ne, mahaɗansa kuma na musamman ne, ba ya karɓar babban kati. Har ila yau kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a hukumance, idan furosesar Intel ce, galibi tana buƙatar ta zubi na takwas zuwa sama. Wanda ya sayi ƙasa da haka ya sayi abin da zamani ya riga ya wuce.

Kada a manta da yanayin gari. Zafin Maris da Afrilu a Minna da ƙurar hunturu abokan gābar na'ura ne. Akwati mai wadatar iska da ragar tace ƙura ya fi mai gilashi da fitilu masu launi amfani, kuma a ɗora shi a kan tebur, a riƙa hure ƙurarsa lokaci-lokaci.

Akwai masu cewa gara a sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ko na'urar PlayStation a huta, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, domin ta farko tana da batirinta, ta biyu kuma ba ta buƙatar haɗi. Sai dai kwamfutar da aka haɗa ana iya canza mata ɓangare guda idan ya lalace ko ya tsufa, ana kuma zane da tace bidiyo da lissafin shago a kanta. Ga ɗalibi ko mai sana'a, wannan ne ke mayar da ita kadara.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan kasuwarmu na Minna. Matasa suna kai kuɗinsu Abuja da Legas ne saboda rashin amana. Mai shagon da zai gwada kaya a gaban mai saye, ya rubuta lambar kowane ɓangare a rasit, ya bayar da garanti a rubuce ko da na wata uku ne, ya kuma faɗi gaskiya idan kaya na hannu ne, shi zai riƙe wannan ciniki a gida, ga kuma ɗaliban Bosso da Gidan Kwano da suka iya haɗawa suna neman aiki. Shi kuwa ɗan yayata, ya sake rubuta takardarsa: pawa-fak da UPS a sama, katin hoto a ƙasa, sai kuɗi sun ƙaru. Daidai ruwa, daidai tsaki.