Baki Shi Ke Yanka Wuya, To Amma Bakin Wa?

Akwai wata magana da ta zauna daram a zukatan mutane, masu ilmi da marasa shi, alƙalai da 'yan kallo, wai mutum ba ya ɗora wa kansa laifin kisan kai sai in shi ya aikata. Da zarar an ce wanda ake tuhuma ya amsa da bakinsa, shi ke nan an naɗe tabarma, sai a jawo karin maganar nan ta baki shi ke yanka wuya a rufe zancen da ita. Mu dai ba mu yarda da wannan ra'ayi ba, kuma ba tausayin masu kisan kai ne ya hana mu yarda ba. Sana'armu ta nazarin adabi ce ta koya mana cewa duk abin da ke kan takarda yana da marubuci, kuma tambayar farko da akan yi wa kowane matani ita ce: wa ya tsara shi, a cikin wane hali, kuma don wa? Iƙirarin da ake karantawa a gaban alƙali matani ne kamar kowane matani. Wanda ake tuhuma ya yi magana, ko kuwa an ce ya yi, amma alƙalamin yana hannun ɗan sanda. Domin kada a ce muna zance ne a iska, za mu ɗauki shari'a guda ɗaya, wadda aka yi a Ingila, ƙasar da muka gaji dokar shaida daga gare ta, wato shari'ar Timothy Evans.

Evans direban motar kaya ne, mutumin Wales, ɗan shekara 25, wanda ciwon ƙafa ya hana shi zaman makaranta yana yaro, har ya girma bai iya karatun kirki ba. An kuma san shi da shara ƙarya ta cika baki. Yana haya a hawan sama na gida mai lamba 10 a layin Rillington Place a birnin Landan, shi da matarsa Beryl da jaririyarsu Geraldine. A ƙasan gidan akwai wani magidanci, John Christie, wanda ya yi aikin ɗan sandan wucin gadi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ranar 30 ga Nuwamba, 1949, Evans ya kai kansa caji ofis a garin Merthyr Tydfil, ya ce matarsa ta sha maganin zubar da ciki ta mutu, shi kuma ya jefa gawar cikin ramin magudanar ruwa da ke ƙofar gida. Aka je aka duba. Sai da 'yan sanda uku suka haɗu kafin murfin ramin ya ɗagu, kuma ba a sami kome a ciki ba. Da aka tsare shi da wannan, sai ya sake labari: ya ce Christie ne ya yi alkawarin zubar wa Beryl da cikin, ta mutu a hannunsa, kuma Christie ne ya ce zai ɓoye gawar, ya kai jaririyar wurin wasu mutane su riƙe ta. Ranar 2 ga Disamba aka gano gawar uwa da 'ya a ɗan ɗakin wanki na bayan gidan, an shaƙe su duka biyu. A daren nan aka kawo Evans caji ofis na Notting Hill, aka nuna masa tufafin mamatan da ɗamarar wuyan da aka shaƙe yarinyar da ita, aka gaya masa inda aka same su da yadda suka mutu. Nan ya ba da wasu bayanai biyu yana amsa cewa shi ya kashe su.

Mai karatu ya lura da jerin abubuwan nan, don a nan gizo ke saƙa. Babbar hujjar masu dogara da iƙirari ita ce, mai laifi kan faɗi abin da babu wanda ya sani sai shi. To, mene ne Evans ya faɗa wanda ba a riga an gaya masa ba? An nuna masa kayan, an faɗa masa wurin, an faɗa masa hanyar kisan, sa'an nan aka zauna rubuta bayani. Malamin da ya ba ɗalibi amsa kafin jarrabawa ba shi da bakin yabon ƙwaƙwalwar ɗalibin. Bugu da ƙari, mutum ɗaya ne ya ba da bayanai huɗu cikin kwana uku, suna karo da juna, na farkonsu kuma murfin ƙarfe ya riga ya ƙaryata shi. Da wane ma'auni aka zaɓi na uku da na huɗu aka ce su ne gaskiya? Ma'aunin bai wuce cewa su ne suka dace da abin da masu bincike ke so su ji ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne, inda iƙirarin ya kawo nasa bayani, sai ya ci karo da zahiri. Ya nuna cewa Evans ya ajiye gawar matarsa a ɗakin wankin ranar 8 ga Nuwamba, ta 'yarsa kuma ranar 10. Amma a wannan makon akwai leburori masu gyaran gidan, kuma a ɗan ɗakin nan suke ajiye kayan aikinsu, suna shiga suna fita, har suka share shi ranar 11 ga wata ba su ga kome ba. Ɗaki ne ƙarami ƙwarai, wanda ba a ɓoye gawa biyu a cikinsa mai shara bai gani ba. Maimakon wannan ya sa 'yan sanda su yi shakkar takardar da ke hannunsu, sai suka sake kiran leburorin, aka yi ta tambayarsu har bayanansu suka sassauta, kuma 'yan juri, wato mutanen gari goma sha biyu da akan zaɓa su yanke ko mutum ya yi laifi, ba su taɓa jin wannan shaida ba. An gyara duniya ke nan don ta dace da takarda.

An fara shari'a a kotun Old Bailey ranar 11 ga Janairu, 1950, bisa tuhumar kisan jaririyar kaɗai. Evans ya janye iƙirarinsa, ya ce ya amsa ne don ruɗewa da jin mutuwar 'yarsa da kuma tsoron kada 'yan sanda su duke shi, ya sake nuna Christie. Babban mai ba da shaida a kansa kuwa shi ne Christie ɗin, wanda aka gabatar a matsayin tsohon soja kuma tsohon ɗan sanda, duk da cewa yana da tarihin ɗauri, har da na raunata wata mata. Minti 40 ya ishi 'yan juri. Aka rataye Evans a kurkukun Pentonville ranar 9 ga Maris, 1950.

Rana ba ta ƙarya. A watan Maris na 1953 wani ɗan haya ya ɓalle wani lungu da aka liƙe da takardar bango a kicin ɗin Christie, ya tarar da gawar mata uku. Aka tono ta matar Christie a ƙarƙashin katakon daɓe, aka tono ƙasusuwan wasu mata biyu a ɗan lambun bayan gida. Waɗannan biyun tun lokacin yaƙi aka kashe su, wato suna nan kwance sa'ad da 'yan sanda suka bincike gidan a 1949, har ƙashin cinyar ɗayarsu na tokare da shinge ba wanda ya kula. Wanda ya riga ya sami amsa a takarda, ina ruwansa da duban shinge?

A nan ne hukumar Ingila ta yi abin da ya kamata duk mai riƙe da ra'ayin da muke suka ya tsaya ya dube shi da kyau. Christie ya amsa cewa shi ya kashe Beryl, ko da yake bai amsa kisan jaririyar ba. Gwamnati ta naɗa wani babban lauya, John Scott Henderson, ya yi bincike a asirce cikin 'yan kwanaki, kafin a rataye Christie ranar 15 ga Yuli, 1953. Sakamakon da ya fitar shi ne, Evans ne ya kashe matarsa da 'yarsa, iƙirarin Christie kuwa ƙarya ne, ya yi shi don ya ƙarfafa da'awarsa ta taɓin hankali. Ashe dai mutum na iya amsa kisan da bai yi ba! Hukumar da ta rataye Evans a kan cewa ba a yi wa kai ƙaryar kisa, ita ce bayan shekara uku ta ce Christie ya yi wa kansa ƙaryar kisa. Iƙirarin da ya wanke ta gaskiya ne, wanda ya tona ta kuma ƙarya ne. Ba muna cewa a gaskata Christie don ya faɗa ba. Maƙaryaci ne na ƙin ƙarawa, kuma bakinsa bai fi na Evans daraja ba. Abin da ya kama Christie gawawwaki shida ne da aka zaƙulo daga kicin ɗinsa da ƙarƙashin ɗakinsa da lambunsa. Abin da ya kama Evans takarda ce.

Wajibi ne mu ba abokan jayayyarmu haƙƙinsu, don suna nan kuma ba wawaye ba ne. A 1994 John Eddowes ya fitar da littafi yana cewa masu kisa biyu ne suka zauna a gidan, abin mamaki kuwa mahaifinsa, Michael Eddowes, shi ne ya rubuta littafin kare Evans a 1955. Hujjojinsu su ne: Evans da matarsa suna yawan faɗa har da doke-doke, bashi ya yi masa katutu, ya sayar da kayan ɗaki ya gudu Wales, ya yi ta yi wa dangi ƙarya game da inda matarsa take, kuma ya maimaita iƙirarinsa ga likitan kurkuku ba tare da an matsa masa ba. Duk wannan haka ne. Amma gudu da ƙarya sun dace da mai kisa kamar yadda suka dace da matsoracin da aka gaya wa cewa ya taimaka wajen zubar da ciki, wanda babban laifi ne a Ingila a lokacin, kuma za a kama shi tare da wanda ya yi. Maimaita magana kuma ba ya mai da ita gaskiya. Sa'an nan sai mu yarda cewa mutum biyu, masu shaƙe mata ta hanya iri ɗaya, sun haɗu a ɗan gida ɗaya bisa katari, kuma ɗayan ya nuna ɗayan da yatsa tun kafin duniya ta san halinsa. Wannan zubi ko a ƙagaggen labarin ɗan aji ɗaya muka gan shi, da jan biro za mu bi shi.

Binciken Mai Shari'a Daniel Brabin na 1966 ya nemi raba gardama, sai ya haifi abin al'ajabi. Ya ce ya fi yiwuwa Evans bai kashe 'yarsa ba, amma ya fi yiwuwa ya kashe matarsa. Ma'ana, an rataye shi a kan laifin da bai yi ba, amma kada a damu, wataƙila ya yi wani da ba a tuhume shi da shi ba. A watan Oktoba na shekarar aka yi masa afuwa, shekara 16 bayan igiya ta gama aikinta.

Mu manazarta harshe da adabi muna da rabo na musamman a wannan shari'a. A 1968 wani masanin harshe ɗan ƙasar Suwidin, Jan Svartvik, ya ɗauki bayanan nan huɗu ya yi musu irin nazarin salo da muke yi wa waƙa ko zube, ya ƙirga ire-iren jimloli da yadda aka ɗaura su. Ya gano cewa sassan da suka fi kama Evans da laifi suna da ginin jimla dabam da sauran maganarsa. Wannan aiki ne ake ɗauka a matsayin mafarin fannin nazarin harshe don shari'a. Bai tabbatar da wanda ya yi kisa ba, kuma nahawu ba zai taɓa iya yin haka ba. Abin da ya nuna shi ne akwai murya fiye da ɗaya a cikin takardar da aka ce bakin mutum ɗaya ce, mutumin da ko karanta abin da ya sa wa hannu ba ya iyawa sai an karanta masa. A 2003 Lord Brennan, wanda aka ɗora wa kimanta diyyar dangin Evans, ya yi watsi da matsayin Brabin game da Beryl, a 2004 kuma Babbar Kotu ta yarda cewa Evans bai kashe ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ba ta ba da umurnin a koma a soke hukuncin ba, saboda kuɗi da ɗawainiyar da hakan zai ci.

In haka ta faru tsakanin Bature da Bature, masu harshe ɗaya, yaya ke nan ga Bahaushe mai dako ko mai gadi da aka kama a Legas ko Fatakwal? Shi zai yi magana da Hausa, tafinta ya juya, ɗan sanda ya rubuta da Turanci, a kama babban yatsansa a dangwala, sa'an nan a miƙa wa alƙali a ce ga bakinsa. Marubuta uku ke nan a kan matani ɗaya, kuma wanda za a rataye shi ne mafi ƙarancin iko a kan kalmomin. A dokarmu kotu na iya yanke wa mutum hukunci bisa iƙirarinsa kaɗai in ta gamsu da shi, ko da ya janye daga baya. Gaskiya ne sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, amma Evans bai ce an taɓa lafiyar jikinsa ba. Tsoro da baƙin ciki da daren caji ofis sun wadatar. Ingila ta kafa dokar 1984 wadda ta kai ga ɗaukar tambayoyin 'yan sanda a kaset. Mu ma Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta yi tanadin ɗaukar iƙirari a bidiyo, da halartar lauya ko wani wanda mutum ya zaɓa, da tafinta ga wanda ba ya jin Turanci. Abin da muke nema ga alƙalanmu shi ne su riƙe wannan tanadi da ƙarfi a duk shari'ar da ta shafi rai: in babu hoton zaman, babu asalin maganar da harshen da aka yi ta, kuma ba a kawo tafintan ya tsaya an yi masa tambayoyi ba, to a ajiye takardar gefe, a ce wa mai gabatar da ƙara ya kawo wata shaidar.