Sharhi: Yaran Konni na kallon tatsuniyoyin Japan, ina namu?

Wanda ya ratsa unguwannin Birnin Konni bayan sallar isha'i ba zai rasa ganin yara huɗu ko biyar sun haɗa kai a kan waya guda ba. Sau da yawa abin da suke kallo fim ne na zane mai motsi daga ƙasar Japan, wanda ake kira katun ko anime. Wani an tura musu shi a shagon masu tura fim, wani ya tsallako daga Illela ta Najeriya a katin memori, wani kuma yayansu da ke ci-rani ne ya aiko da wayar. Yawanci da Faransanci ko Turanci suke jin sa, wani lokaci ma da Japananci.

Iyaye da dama sun fara nuna damuwa, kuma suna da hujja. Ba kowane katun ne aka yi domin yara ba. Akwai masu cike da zubar da jini da shigar da ba ta dace ba, kuma da yawa sun ginu a kan aljanu da dodannin addinin gargajiyar Japan. Uban da ya miƙa wa ɗan shekara bakwai waya bai duba abin da ke ciki ba, ya yi sakaci. Sai dai a ganin wannan jarida hanawa ba za ta yi magani ba, domin yaron da aka ƙwace wa waya a gida zai je ya kalla a ta abokinsa. Abin da ya fi shi ne babba ya zaɓa, ya zauna a kalla tare, ya amsa tambayoyi.

Cikin waɗannan fina-finai akwai masu kyau ƙwarai. Kamfanin Studio Ghibli, wanda Hayao Miyazaki da Isao Takahata da Toshio Suzuki suka kafa a 1985, ya yi suna a kan fina-finan iyali. Fim ɗinsa na 2001 da masu jin Faransanci suka sani da Le Voyage de Chihiro ya ci kyautar Oscar a 2003. Labarin yarinya ce 'yar shekara goma wadda kwaɗayi ya sa iyayenta suka ci abincin da ba nasu ba, suka rikiɗa aladu. Ta shiga aikatau wurin wata mayya domin ta cece su, mayyar ta ƙwace mata suna, kuma duk wanda ya manta sunansa a can ba ya komawa gida. Duk Bahaushen da ke rainon 'ya'ya a Lagos ko Abidjan ko Faransa ya san abin da wannan ke nufi.

Japanawa ba su yi nisa wajen neman labari ba. Fim ɗin Takahata na 2013 a kan Gimbiya Kaguya daga tatsuniyarsu ya fito, wadda ta haura shekara dubu. Mu ma muna da Gizo da Ƙoƙi da Dodo da Botorami, waɗanda kakanni ke ba da gatanarsu a tsakar gida. Muna da tarihin Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa sojojin Voulet da Chanoine a 1899, shekarar da suka ƙone Konni kanta.

Kada a ce ba mu iya ba. A wannan jiha ta Tawa marigayi Moustapha Alassane ya zauna shekaru masu yawa yana aikinsa, mutumin da duniya ta shaida yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara. Ya kuma yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawa irin tamu ta gargajiya, da 'yan tsana da ya ƙera da hannunsa. Ya rasu a 2015. Yara nawa ne a Konni ko Malbaza ko Illela suka taɓa ganin aikinsa? Sun san Naruto da Goku, amma ba a nuna musu na gida ba, kuma laifin manya ne.

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan ana so wannan ya wuce takarda, a fara da abin da yara ke kallo. Hukumomin al'adu su nemo fina-finan Alassane a riƙa haskawa a makarantu da gidajen matasa, tashar Télé Sahel ta ware musu lokaci. Masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa a Kano sun nuna akwai gwaninta kuma akwai kasuwa; a nemi izinin masu haƙƙi a fassara katun masu tsabta ta hanyar halal.

Ga 'yan uwa mazauna waje, ku da kuke aiko da wayoyin: a ko'ina cikin garuruwan nan akwai yaron da ke cika bangon littafinsa da zanen jaruman Japan. Ku saya masa allon zane na kwamfuta, ku biya masa kuɗin koyo, ku ce ya zana muku Gizo. Ku kuma ɗauki muryar kakanninku suna gatana tun suna raye, domin daga nan fim ɗin zai fito, kuma 'ya'yanku da ke can su ne za su fara amfana.