Dainoson roba: kafin ka taɓa fenti, kalli jan gwada a kan katanga

 Makon nan aikin hannu za mu yi, kuma babban kayan aikin yana nan cikin kwandon wasan ƙannenku, ko a shagon kayan wasa, ko wajen 'yan gwanjo. Dainoson roba nake nufi, irin waɗanda ake ƙullawa shida ko goma a leda ɗaya. Wani kore shar kamar alayyahu, wani ruwan goro, an ɗiga masa jan fenti a baki ya zubo har haɓa. A ƙasashe da dama akwai manya da yara da suka mayar da sake wa irin waɗannan fenti abin yi a lokacin hutu, kuma sana'a ce mai sauƙin farawa, domin in ka ɓata na farko asarar ba ta da yawa.

Ɗauki ɗaya ka duba shi da kyau a hasken rana. Sau da yawa wanda ya sassaƙa samfurin ya yi ƙoƙari: ga saɓa, ga tamoji a wuya, ga haƙora da farata. Fentin da aka watsa masa cikin gaggawa a masana'anta ne ya binne duk wannan. Aikinmu shi ne mu tono shi.

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce, wane launi zan sa masa? Ku sani cewa koren nan na masana'anta zato ne kawai. Ƙashi ba ya riƙe launi, kuma yawancin dainoso ƙasusuwansu kaɗai aka samu. Tun 1842 da Baturen Ingila Richard Owen ya raɗa musu suna, masu zane suka yi ta shafa musu kore da ruwan toka saboda suna kallonsu a matsayin manyan ƙadangaru. Sai a 2010 abin ya fara sauyawa. Masana sun lura cewa a wasu gawarwakin da suka zama dutse tare da gashinsu, ana iya ganin wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna masu ɗauke da launi, sunansu melanosom. Dogayen suna ba da baƙi ko ruwan toka, masu kama da ƙwallo kuma suna ba da jaja-jaja mai ruwan ƙasa. Da haka aka gano cewa wani ɗan ƙaramin dainoso na ƙasar Sin, Sinosauropteryx, jaja-jaja ne, kuma jelarsa zobe-zobe ce, ja da fari. A 2012 aka nuna cewa Microraptor baƙi ne mai sheƙi, irin sheƙin da kuke gani a jelar baƙin zakara in rana ta haska ta.

Wanda ya fi yi mana amfani shi ne Psittacosaurus, wanda aka bayyana launinsa a 2016: bayansa ruwan ƙasa mai duhu, cikinsa da haske. Borealopelta, wani mai sulke da aka tono a wata mahaƙa a Kanada a 2011, shi ma haka aka same shi. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Barewa haka take, kifi haka yake, kada ma haka. Dalilin shi ne rana tana haska bayan dabba, cikinta kuma yana cikin inuwa, to in bayan ya yi duhu cikin ya yi haske sai su daidaita, dabbar ta saje da wurin da take, mai farautarta ya kasa tantance ta daga nesa. In ka riƙe wannan ƙa'ida guda, baya da duhu ciki da haske, dainosonka zai yi kama da abu mai rai ko da kala biyu kawai ka mallaka.

Sauran kuma daga dabbobin unguwa za ka kwaso shi. Tsaya ka kalli jan gwada yana shan hantsi a kan katanga: jan kan nasa bai tsaya cak a wuya kamar an ja layi da rula ba, a hankali yake narkewa cikin duhun jikin. Kalli ɗige-ɗigen zabuwa, da jan leɓen talotalo, da ratsin jikin damo. Masana sun tabbatar cewa tsuntsaye jikokin dainoso ne, saboda haka wanda ya ari launin zabuwa ya sa wa dainoso bai yi ganganci ba.

To, mu koma kan aiki. Abu na farko wanki ne, kuma shi ne abin da masu ɗoki suke tsallakewa. Roba tana fitowa daga masana'anta da wani ɗan maiƙo da ake sa wa mazubi don kada ta manne, ga kuma maiƙon hannayen da suka yi wasa da ita. Fenti ba ya kama maiƙo. Sa sabulu da ruwa mai ɗumi, ka goge lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye, ka bari ya bushe sarai. In ƙafarsa ta lanƙwashe har ba ya iya tsayuwa, a tsoma ta a ruwan zafi na ɗan lokaci, a miƙe ta, a tsoma a ruwan sanyi, za ta tsaya a haka. Wannan kam sai da babba a kusa. Layin nan da ke bin tsakiyar baya inda ɓangarori biyu suka haɗu, a goge shi da samfefa mai laushi. Ba na so in ji an ɗauko reza.

Sai fenti. Akirilik za ka nema, wanda ake samu a shagon kayan zane da wasu shagunan littattafai. Da ruwa ake tsinka shi, yana bushewa da wuri, in ya bushe kuma ruwa ba ya wanke shi. Kala biyar sun isa: fari, baƙi, ja, rawaya da shuɗi. Rawaya da shuɗi su ba ka kore, ja da kore su ba ka ruwan ƙasa. Fosta-kala da kuke amfani da ita a darasin zane ba ta kama roba sosai, kuma gumin hannu ma yana ɗebe ta. In ita kaɗai gare ka, cakuɗa ta da ɗan farin gam irin na kafintoci, za ta ɗan riƙe.

Ga gargaɗin da nake so ku ji da kunnen basira. Kada ka je wajen mai fentin ƙofa ko mai fentin mota ka roƙo ragowar fentin mai, kuma ka bar fentin feshi na gwangwani da jan farce. Roba mai laushi, wadda take lanƙwasuwa in ka matsa ta, tana da wani sinadari a cikinta da ke sa ta laushi. In fentin mai ya hau ta, sai su biyun su cakuɗe, fentin ya ƙi bushewa. Sati ya wuce, wata ya wuce, abin yana danƙo, ƙura da gashi suna manne masa, kuma gyaransa da wuya. Fetur da tina kuwa suna iya cinye robar, ga warinsu da illa ga ƙirji. Duk fentin da ba ka saba da shi ba, ɗiga kaɗan a tafin ƙafar dainoson, ka bari ya kwana, da safe ka taɓa ka ji.

Shafin farko na share fage ne: ruwan toka mai haske ko fari, a rufe jikin duka don tsohon launi ya ɓace, sabon kuma ya sami abin kamawa. Daga nan sai launin ciki mai haske, sannan na baya mai duhu, a haɗa su a gefen haƙarƙari tun fentin yana da ɗan danshi don kada layi ya fito. Kaurin fentin ya zama kamar na madara. In ya kai na kunu, zai cike saɓar nan da muke ƙoƙarin fitarwa, ka ƙare da abu sumul kamar sabulu. Shafin farko zai yi dabbare-dabbare har ka ji kamar ka ɓata aikin. Haka yake yi wa kowa. Bari ya bushe, ka ƙara na biyu, in ta kama na uku.

Yanzu sai dabaru biyu da suka fi komai daɗi. Ta farko, ɗebi ɗan fenti mai duhu, ruwan ƙasa ya fi baƙi kyau a nan, ka tsinka shi da ruwa har ya zama kamar baƙin shayi. Taɓa ɗan sabulun ruwa kaɗan da bakin tsinke ka sa a ciki don ya bi jiki maimakon ya dunƙule. Shafa shi ko'ina. Da kansa zai gangara cikin ramuka da tamoji ya zauna, in ya bushe sai ka ga kowace saɓa ta fito da inuwarta. Inda ya taru ya yi kududdufi, tsotse shi da busasshen buroshi.

Ta biyu kishiyar wannan ce. Samu tsohon buroshi mai tauri, ka ɗebi launi mai haske, ka goge shi a jikin kwali ko tsumma har ka ga kamar babu saura. Sannan ka riƙa shafa shi sama-sama a kan jikin, kamar mai kaɗe ƙura. Ɗan abin da ya rage zai maƙale a kan tudun saɓa kawai, ya bar ramukan da duhunsu. A ganina wannan ne lokacin da abin wasa ke juyewa ya zama abin ajiyewa a kan tebur. Ido kuma da tsinken sakace ake yi: ɗigon rawaya, ya bushe, ɗigon baƙi a tsakiya. Haƙora kada su zama fari fat, a sa musu ɗan rawaya, tunda dabbar ba ta san asuwaki ba. Daga ƙarshe, in ka samu banish na ruwa marar sheƙi, shafi ɗaya zai kare fentin daga ɓarewa.

Lokacin hunturu fentin yakan bushe a faranti kafin ka waiga. Riƙa matso kaɗan-kaɗan, ka ajiye ruwa kusa, ka kuma kife kwali a kan aikin yayin da yake bushewa saboda ƙura. Wanke buroshi da sabulu da zarar ka gama, domin akirilik in ya bushe a cikinsa, buroshin ya tashi aiki. Dainoson da aka yi wa fenti kuma ya bar hannun jariri da duk yaron da ke kai abu baki.

In kana neman wanda za ka kwaikwaya, ba sai ka je Amurka ba. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere a jihar Agadas ta Nijar, Bafaranshe Philippe Taquet ya tono wani dainoso mai doguwar ƙaya a baya kamar filafilan jirgin ruwa, ya sa masa suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976. A can ne kuma ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago suka fito da Suchomimus mai baki irin na kada a 1998, sai Nigersaurus a 1999, mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500, wanda yake kiwo kai a ƙasa kamar saniya. A zamaninsu, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, wurin da yake rairayi a yau koguna ne da ciyayi. Wanda ya je Yamai ya leƙa Gidan Tarihi na Boubou Hama zai ga ƙasusuwan dainoso a baje. Mai dogon baki da ke cikin ledarka, wanda galibi Spinosaurus ne, ɗan'uwan Suchomimus ne na kusa, kuma dukansu masu cin kifi ne. Launin kada zai dace da shi: baya ruwan ganye mai duhu, ciki fari-fari mai ɗan rawaya.

Ga kuma abin da za ka ƙure abokanka da shi a aji. Mai ƙafa huɗu ɗin nan gajere da tuta a baya, Dimetrodon, da ake yawan cusawa cikin ledar, ba dainoso ba ne. Ya ƙare daga duniya tun kafin dainoso na farko ya bayyana, kuma ya fi kusa da dabbobi masu shayarwa. Mai fukafukan fata ɗin nan ma ba ya cikinsu.

Duk wanda ya gwada, ya turo mana hoton aikinsa kafin fenti da bayan fenti, ya kuma faɗa mana dabbar da ya ari launinta. Mako mai zuwa za mu gina masa wurin tsayuwa da murfin gwangwani, yashi da gam.