Waiwaye: Daga Azara zuwa Katakon Araha

Duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin rumfar katako da rana tsaka ya san wannan ƙwaro. Ƙaton ƙuda ne baƙi mai sheƙi, wani da rawaya a doronsa, yana gunji yana shawagi a bakin kwano, ya tsaya cak a iska, ya juya ya shige wani rami. In ka duba ƙasa ka ga ɗan tulin garin katako. In ka ɗaga kai ka ga huda zagayayya, tamkar da injin kafinta aka yi ta, faɗinta bai wuce kan ɗan yatsa ba. Dangin ƙudan zuma ne, sai dai ba ya zaman amya, ba ya tara zuma. Masana sun ƙidaya nau'insa kusan 500 a duniya, ƙasarmu kuma tana da nata.

Ba baƙo ba ne. Tun muna yara muna ganinsa a busassun rassa da gorar rumfa da dirkar da ta tsufa. Abin da ban taso na ji ba shi ne mai gida yana kukan ya cinye masa rufin ɗaki. Yanzu kuwa ana jin wannan kuka, a gidan haya, a ajin makaranta, a rumfar kasuwa. Ƙwaron bai sauya hali ba. Mu ne muka sauya itace.

Maginan da, in za su yi rufin soro, azara suke nema, wato tsagin gangar giginya, sun kuma fi son na namiji wanda ya ƙosa, saboda tauri. Azara tana da jijiya baƙa mai ƙarfi, gara ma ba ta samun yadda take so da ita, balle ƙudan da ke neman itace mai laushi. A wurin dirka da ƙyaure da turmi kuma akwai ƙirya da marke da maɗaci. Ba a sare itace yau a ɗora gobe. Sai an jingine shi ya sha iska ya bushe. A ɗakin girki hayaƙi yana ƙara nasa aikin, kunkunniya ta lulluɓe itacen har ya yi baƙi ƙirin. Wanda ke son shaida ya tuna tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da bakan gizonsa da aka ɗaure da azara aka lulluɓe da ƙasa. Mutanen nan ba su karanta ilimin ƙwari ba, amma sun san itace kamar yadda makiyayi ya san dabbarsa.

Da kwano ya zo, garuruwa suka cika, giginya ta ragu, sai muka koma katakon da ake lodowa daga kudu. A cikinsa akwai mai kyau, amma wanda aljihu ya fi kaiwa gare shi shi ne fari mai laushi irin su obece, sau da yawa ɗanye. Kafinta ya buga shi tsirara, ba magani ba fenti, mai gida yana tsaye yana cewa a yi sauri kafin damina. Ban ga laifin talaka ba, na san yadda kuɗin gini ke ƙarewa daidai lokacin da aka kai linta. Amma araha ba ta ado, kuma abin da aka yi tsiminsa a ranar rufi shi ake biya ninki bayan 'yan shekaru.

Ya kamata a fahimci abin da ƙwaron yake yi a ciki, domin a nan ake yawan kuskure. Ba cin katako yake ba. Abincinsa ruwan fure ne da garin fure. Macen ce ke huda, da baki take sassaƙa tana zubo garin waje. In ta shiga kamar santimita biyu ko uku sai ta karya kwana ta bi tsawon katakon, ta yi hanya mai tsawon santimita 10 zuwa 15. A can ƙurya take cura garin fure da ruwansa, ta ɗora ƙwai ɗaya, ta toshe da taunannen katako, ta sake yin wani ɗakin, har shida ko takwas a jere. Bayan 'yan makonni 'ya'yan su fito. Rami ɗaya ba ya karya rafta. Ɓarnar tana zuwa ne daga maimaici: sun fi son tsohon rami, kowace shekara a ƙara tsawaita shi, a yi masa rassa, har hanya ta kai mita biyu ko uku. Daga waje katakon lafiya lau, ciki kuwa holoƙo. Ruwa ya bi hudar ya shiga, ruɓa ta kama, ƙusa ta saki, ranar da iskar farkon damina ta taso sai a wayi gari kwano yana gidan maƙwabci.

Wanda ke shawagi a fuskarka yana gunji, har yara su watse, namiji ne, kuma ba shi da ƙari ko kaɗan. Macen ce mai harbi, ita ma sai an kama ta ko an tura yatsa a raminta.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da muka zaɓa. Da an ga huda sai a ɗauko fiya-fiya a fesa ko'ina, a ɗakin da jariri ke kwana, kusa da randa da buhun hatsi. Guba ce ta gona, mai illa ga numfashi da jijiyoyin mutum, shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwanni. Kuma feshin da aka yi a fuskar katako ba ya kai wa ga ƙwan da ke bayan toshiya. Wasu kuma su cusa tsumma ko siminti alhali macen tana ciki, ita ko ta huda sabuwar ƙofa ta fita, rami ɗaya ya zama biyu.

Ga kuma abin da manomi ya kamata ya sani kafin ya ɗaga kwalba. Wannan ƙuda ma'aikacin gona ne. Yana rungumar furen tumatir da gauta ya girgiza shi da ƙarfin ƙirjinsa har garin ya zubo, aikin da ƙudan zuma na amya ba ya iyawa. Nauyinsa yana buɗe furen wake. Masu bincike a Jami'ar Ngaundere ta Kamaru sun bi shi a gonakin wake, suka tarar furen da ya ziyarta ya fi ba da kwanso da ƙwaya. Wanda ya ƙarar da shi a unguwa ya rage wa kansa mudu a kaka.

Saboda haka korarsa daga rufi ake so, ba shafe shi daga ƙasa ba. Inda ya riga ya shiga, a bari sai magariba ya koma gida, a hura ɗan garin maganin ƙwari cikin ramin kaɗai, da abin rufe hanci, yara na nesa. A ba shi 'yan kwanaki, sannan a sassaƙa ɗan itace daidai hudar, a shafa gam, a buga, a bi da fenti mai mai. Katakon da ya zama holoƙo a cire shi, babu gyaran da zai yi masa. Can bayan gida ko gefen lambu a ajiye busasshen gungume mai laushi, su samu inda za su koma.

Kai kuma da ka kai gininka linta, kada ka bar kafinta ya hau sai ka ga katakon ya bushe, an shafe shi da maganin itace, an bi kawunansa da tsagoginsa inda ƙwaron ya fi farawa, allon bakin kwano kuma ya sha fenti ciki da waje. In kuɗin ba su kai ba, ka jinkirta rufin wata guda.