Kafin ka rubuta Dubai a jerin 2026, ka taɓa zuwa Guzuguzu?

1/ Tun da shekara ta kama nake ganin jerin "wuraren da zan je a 2026 in sha Allah". Dubai, Masar, Zanzibar, Kigali, Istanbul. Allah ya cika wa kowa burinsa, amin. Amma ina da magana a kan yadda muke zaɓen wurin hutu, musamman mu 'yan Gwarzo da Kabo. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Ra'ayina a taƙaice: jerin da babu kuɗi a gefensa, babu lokaci, babu hanyar da za a bi, addu'a ce. Addu'a kuwa abu ne mai kyau, a ci gaba da yi. Sai dai a bana ina so mu rubuta wuraren da ƙafarmu za ta taka da gaske, kuma irin waɗannan daga ƙofar gida suke farawa.

3/ Mu fara da lissafi, don shi ba ya jin kunyar kowa. Tun 1 ga Satumban 2025 fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 kuma 200,000. Ɗalibin da ke karɓar kuɗin NELFUND 20,000 yake samu a wata. Wato wata biyar cur, ba ci ba sha, kafin ya riƙe ɗan littafin nan. Ba a zo kan biza ba, balle tikitin jirgi.

4/ Ga kuma dala. A farkon 2023 ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati. Da aka saki naira a watan Yunin shekarar, sai da ta haura 1,500 a 2024. Mai otal a Dubai bai san wata naira ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 70,000 ne, don haka yayan da kake sa ran zai ɗauki nauyinka shi ma lissafin buhun masara yake yi.

5/ Abin da ya fi damuna shi ne abin da jerin nan ke yi wa zuciya. Disamba ta zagayo, mutum ya duba ya ga ko ɗaya bai je ba, sai ya fara jin kamar shekara ta tafi ta bar shi. Wani ya je ya ci bashi a manhajojin rancen nan saboda hoto ɗaya. Hoton ya yi kwana biyu ana yabawa, bashin ya yi wata shida yana kiran waya.

6/ Ga kuma kunyar da ba mu cika faɗa ba. A makaranta abokinka ɗan Ibadan ko ɗan Jos zai ce, me ake gani a garinku? Sai ka ji ɗan Gwarzo ya ce "ai babu komai, ƙauye ne". Malam, a ina ka duba ka ga babu? Mutumin da zai lissafo maka unguwannin Dubai daga TikTok, bai san hanyar Kutama ba.

7/ Shawarata mu tsara tafiyar bana zagaye uku. Na farko, yankinmu: ka je ka dawo a yini ɗaya. Na biyu, sauran jihar Kano: kwana ɗaya ko biyu a gidan dangi. Na uku, maƙwabtan jihohi ko tsallaken iyaka: tafiya guda a shekara, wadda aka tara wa kuɗi. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

8/ Zagaye na farko. Ɗauki biro. A Gwarzo akwai Getso, Kutama, Kara, Madadi, Mainika, Sabon Birni, Lakwaya. A Kabo akwai Garo, Gude, Durun, Godiya, Gammo, Kanwa, Masanawa. Nawa ka taka da ƙafarka? Ban da zuwa ta'aziyya ko ɗaurin aure, inda ake sauka a ƙofar gida a yi fatiha a koma mota.

9/ Yankinmu na ruwa ne, mu ne ba ma lura. Dam ɗin Guzuguzu yana Kabo. Akwai na Magaga. Ka ɗan gangara Karaye ga dam ɗin Challawa da aka gama a 1992, ɗaya daga cikin manyan madatsun jihar. Kogin Challawa ne ke haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗejia. Ruwan da ke kwance kusa da mu har manoman Jigawa yake shafa.

10/ Me za ka yi a bakin dam? Ka je da sassafe lokacin da masunta ke fitowa da kamu, ka sayi kifi a hannun wanda ya kama shi. Ka zaga wajen masu noman rani ka tambayi nawa suke kashewa a man injin ban ruwa, wa ke sayen tumatirinsu, nawa ne kwando a gona, nawa ne a 'Yankaba. Ɗan Agric ko Economics, ga kan furojet ɗinka nan kyauta.

11/ Amma fa ruwa ba wasa ba ne. Ba mu manta da kwalekwalen da ya kife a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, aka rasa rayuka da dama, yawanci ɗaliban Islamiyya. Allah ya jiƙansu. In jirgi ya cika, ka jira na gaba. In ba rigar kariya, ka tsaya a gaɓa. Babu hoton da ya kai ranka.

12/ Zagaye na biyu. Daga Gwarzo zuwa birni kusan kilomita 70 ne, muna bin hanyar nan kamar zuwa masallaci. Amma me muka sani a Kano? Sabuwar BUK, Kabuga, Kwari, Farm Centre in waya ta lalace, sai asibiti in an kwantar da wani. Shekara huɗu mutum yana karatu a gari bai hau Dutsen Dala ba.

13/ Yini ɗaya ya isa. Ka hau Dala da safe kafin rana ta yi zafi, ka ga birni a shimfiɗe. Ka sauko Kasuwar Kurmi, wadda tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake ciniki a cikinta. Daga nan Gidan Makama, sai karofin Ƙofar Mata. Turawa jirgi suke biya su zo kallon abin da kai kuɗin adaidaita zai kai ka.

14/ In kana son ɗan nisa, ga Tiga, dam ɗin da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako. Ga duwatsun Rano. Ga kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a. Ga Dawanau, inda wataƙila hatsin gonarku yake ƙarewa ba ka taɓa bin sa ka ga yadda ake sa masa farashi ba.

15/ Hawan Sallah fa? A Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya da take karewa. Amma kun san a 2025 an hana hawa a birni saboda rikicin masarauta. Don haka duk mai son kallon dawaki a bana ya ajiye zaɓi na biyu. Katsina, Daura, Zazzau, Kazaure duk suna hawa.

16/ Zagaye na uku, babbar tafiyar shekara. Katsina: hasumiyar Gobarau. Daura: rijiyar Kusugu da muka haddace labarinta tun firamare. Zariya: tsohon masallacin Juma'a na Babban Gwani da dutsen Kufena. Sakkwato: Hubbaren Shehu. Bauchi: Yankari da ruwan ɗumin Wikki. Zaɓi ɗaya tak. Mai jera biyar shi ne ba ya zuwa ko ɗaya.

17/ Mai son lallai ya ce ya fita ƙasar waje, ga Damagaram da Maraɗi. Ka tsallaka iyaka, ka kashe sefa, ka ci kilishi, kuma duk da Hausa za ka yi ciniki. Sai dai tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ka tambayi masu zuwa kullum irin takardun da ake nema yanzu kafin ka hau mota.

18/ Yanzu lokaci. Azumi zai kama wajen 18 ga Fabrairu, ƙaramar Sallah wajen 20 ga Maris, babbar Sallah a ƙarshen Mayu, gwargwadon ganin wata. Sallolin biyu duk a bazara ke nan. Lokacin ne kuma kuɗin mota ke tashi, tasha ta cika. Hutun Sallah na zumunci ne da tafiyar kusa.

19/ Damina kuwa, duk wanda gidansu ke da gona ya san hutun nan ba nasa ba ne. Ka je ka ce wa Baba za ka Yankari ana tsakiyar noman farko, ka dawo ka ba mu labari. Lokacinmu shi ne bayan kaka zuwa hunturu: an kai amfani gida, hanya ta bushe, a Yankari ma da rani aka fi ganin dabbobi saboda suna taruwa a bakin ruwa.

20/ Kuma kada ka ɗaure tsarinka da kalandar jami'a tamau. Wanda ya ga yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, ya san hutu kan zo ba a gayyace shi ba, ya kuma ƙi zuwa ranar da aka sa masa. Ka sa wata, ka bar ranar a buɗe.

21/ Kuɗi. Naira 500 a rana, wata shida, 90,000 ke nan. Kuɗin data ɗin da muke ƙonawa a kallon hutun wasu ya fi haka. Ko ku haɗu ku goma ku yi adashin tafiya, kowa 5,000 a wata, a ba wanda aka amince da shi ya riƙe, a rubuta a takarda kowa ya gani. Mota ɗaya, masauki ɗaya, garin kwaki da ƙuli a jaka. Daidai ruwa daidai tsaki.

22/ Sai magana mafi nauyi a zaren nan: sanar da tafiya. A ƙarshen 2025 'yan bindiga sun kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa masu iyaka da Katsina. Shanono maƙwabciyarmu ce. Gwarzo ma da Katsina take iyaka. Wannan ba labarin wata jiha ba ne da muke ji a rediyo.

23/ A irin wannan hali mutum ya rubuta "gobe bayan asuba mun kama hanya", ya sa hoton mota da lambarta, ya sa sunan otal. Mabiyanka dubu uku, ka san fuskar nawa? Ba sai ɗan bindiga ba ma, ɓarawon unguwa kaɗai ya ishe ka in ya san ɗakinka zai kwana uku a rufe. Baki shi ke yanka wuya.

24/ Ƙa'idar mai sauƙi ce. Sunan wuri, faɗa wa kowa, wataƙila ma ka samu abokin tafiya ko mai masauki. Rana da hanya da mota, na iyaye ne da mutum ɗaya da ka yarda da shi. Hoto kuma sai an dawo. Rijiyar Kusugu ba za ta gudu daga hotonka ba don ka ɗora shi bayan kwana uku.

25/ Kafin ka zaɓi hanya ka je tasha ka tambayi direbobi. Su ke bin ta kullum, sun fi taswirar wayarka sanin inda ya yi kyau a makon nan da inda aka daina bi da yamma. Ban da tafiyar dare. In mutanen gari suka ce kada a je wuri kaza, a fasa, ko an riga an tara kuɗin.

26/ 'Yan uwa mata, na san naku lissafin daban ne, izini ya fi kuɗi wuyar samu. Amma "za mu je yawo" da "mu shida ne, da Yaya wane, za mu sauka gidan Gwaggo a Zariya, mu dawo Lahadi kafin la'asar" ba amsa ɗaya suke samu a gida ba. Mu kuma maza, in za ka Gidan Makama ka tafi da ƙannenka.

27/ Na san abin da wasu za su ce: kana rage mana buri. A'a wallahi. Bar Istanbul a jerinka, bar niyyar Umara a zuciyarka, Allah ya kira mu. Amma tafiya koyonta ake yi: riƙe kuɗi, tambayar hanya, zama da baƙi, lura da abu. Wanda ya shiga Kurmi bai ga komai ba, ko kasuwar Istanbul aka kai shi hoto kawai zai dawo da shi.

28/ Wasu kuma za su ce wuraren namu ba gyara, ba banɗaki, ba wurin zama. Wannan gaskiya ne a wurare da yawa, ba zan musa ba. To amma wa zai gyara wurin da 'ya'yan garin ma ba sa zuwa? Mu je, mu ɗauko kyan da lalacewar duka, mu ɗora, mu ambaci kansila da ciyaman. Kuɗin da muka kashe kuma yana hannun mai kifi da ɗan acaɓan garinmu.

29/ Nawa jerin na bana, tunda ni na tayar da zancen: Guzuguzu da Challawa kafin ruwa ya sauka. Yini guda a cikin ganuwa, daga Dala zuwa Ƙofar Mata. Bayan kaka kuma Daura, in hanya ta yi kyau kuma adashi bai watse ba. Rana kuwa, sai kun ga hoto.

30/ Saura ku. Rubuto wuri ɗaya a Gwarzo, Kabo, Karaye ko Rimin Gado da kake ganin ya kamata a sani, da abin da ake gani a can, da lokacin da ya fi kyan zuwa. 'Yan Getso da 'yan Garo ina jiran ku, na san ba ku rasa abin faɗa. Ban da ranar tafiya fa. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.